Lissafin Gayya a Kan Masarrafin Zane: Wane Tsarin Rubuta Manhaja Manazarci Zai Zaɓa?

Duk manazarcin da ya sa hannu a aikin fassarar na'ura, ko koya wa kwamfuta gane maganar Hausa, ko karanta rubutun ajami daga hoto, ba ya daɗewa sai ya ci karo da tambayar da ba a koyarwa a ajin nahawu: a kan wace na'ura za a yi lissafin, kuma da wane tsari za a rubuta mata umarni? Galibi akan bar wannan tambaya a hannun masanin kwamfutar da ke cikin tawaga, alhali amsarta ce ke yanke irin kayan da za a saya da kuɗin tallafin bincike, da kuma ko aikin zai sake tashi a hannun wani ɗalibi bayan shekara biyar. Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin fayyace abin da ke cikin zaɓin, ta yadda shugaban bincike zai iya sa baki cikin shawarar da saninsa.

Yadda Gayyar Take

Babban masarrafin kwamfuta, wanda ake taƙaita sunansa da CPU, yana da 'yan cibiyoyin lissafi kaɗan, kamar takwas ko goma sha shida, kowacce mai saurin gaske da iya sauya aiki. Masarrafin zane kuwa, wato GPU, an ƙera shi ne tun farko domin zana hotunan wasannin kwamfuta, inda ake bukatar lissafa launin miliyoyin ɗigogi a lokaci guda. Saboda haka aka cika shi da dubban ƙananan cibiyoyi. Samfurin A100 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2020 yana da guda 6,912. Kowacce ita kaɗai ba ta kai ta babban masarrafi ba, amma idan suka taru a kan aiki iri ɗaya sai su zama tamkar 'yan gayya a gona, kowa da kunyarsa, a gama da hantsi abin da mutum ɗaya zai yi mako yana yi. Wannan ne dalilin da ya sa a nan aka kira shi lissafin gayya.

Kwatancin ya wuce ado, domin sharuɗɗan gayya su ne sharuɗɗan wannan lissafi. Dole aikin ya zama mai rabuwa. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa idan kashi 90 cikin ɗari na aiki ne kawai ke rabuwa, saurin da za a samu ba zai wuce ninki goma ba ko da ma'aikata sun kai miliyan, saboda ragowar kashi goman sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma 'yan gayyar nan kiɗa ɗaya suke bi. A na'urorin Nvidia ana tafiyar da zaren lissafi rukuni-rukuni, 32 a kowane rukuni, duk suna aiwatar da umarni guda; idan umarnin ya ce wasu su yi dama wasu su yi hagu, sai ɓangare ɗaya ya tsaya jiran ɗayan. Sai matsala ta uku, wadda ta fi yaudarar sabon shiga, wato jigilar bayanai. Mashigar da ke haɗa masarrafin zane da sauran kwamfuta, a zubin PCIe na huɗu, tana ɗaukar kimanin gigabait 32 a daƙiƙa, alhali a cikin ma'adanar A100 kanta bayanai na gudu fiye da gigabait 1,500 a daƙiƙa. Manhajar da ke yawan kai da komo tsakanin ɓangarorin biyu za ta ɓatar da ribarta a hanya.

Abin da ya sa fasahar harshe ta dace da wannan na'ura shi ne, samfuran da ake horarwa a yau kusan duk aikinsu ninka manyan jadawalan lambobi ne, kuma kowane gurbi na sakamakon ana iya lissafa shi ba tare da jiran maƙwabcinsa ba.

CUDA da OpenCL

Kafin 2006, mai son yin lissafin kimiyya a kan masarrafin zane sai ya yi wa matsalarsa shigar burtu, ya mayar da lambobinsa kamar launukan hoto. Nvidia ta sanar da CUDA a ƙarshen 2006, ta sake shi ga jama'a a 2007, bisa jagorancin Ian Buck wanda ya fara irin wannan aiki a Jami'ar Stanford. CUDA ya ba da damar rubuta umarni da harshe mai kama da C da aka saba da shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma mai nauyi: ba ya aiki sai a kan na'urorin Nvidia.

OpenCL ya zo ne a matsayin amsa ga wannan sharaɗi. Kamfanin Apple ne ya tsara shi, ya miƙa wa ƙungiyar Khronos, aka fitar da zubin farko a Disambar 2008. Manufarsa ita ce a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kan na'urar kowane kamfani, har da babban masarrafi da wayar hannu. A takarda babu abin da ya fi wannan kyau. Sai dai ƙa'idar da aka amince da ita a taro daban take da abin da kowane kamfani ya aiwatar, lamarin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san tarihin daidaita ƙa'idojin rubutu ba. An fitar da zubi na 2.0 a 2013, amma Nvidia ta daɗe tana tsaye a kan 1.2. Apple da ya haifi tsarin ya juya masa baya a 2018, ya koma ga nasa mai suna Metal. Da aka zo zubi na 3.0 a 2020, sai Khronos ta mayar da 1.2 ya zama shi ne wajibi, duk abin da ya biyo bayansa ya zama ganin dama. Ban da haka, manhajar da ta tashi a kan na'urori biyu ba lalle ta yi sauri a kan dukkansu ba. Misali, manyan na'urorin lissafi na AMD suna tafiyar da zare 64 a rukuni maimakon 32, don haka gyaran da ya dace da wannan yana iya rage wa waccan gudu.

Masu gwaji sun sha nuna cewa idan gwani ya zauna ya gyara manhajar OpenCL da kyau, tana iya kusantar ta CUDA a kan na'ura ɗaya. Ke nan ba a fagen sauri CUDA ya yi rinjaye ba. Ya yi rinjaye ne da abin da manazarcin harshe zai kira adabi. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka horar da samfurin gane hoto da aka sani da AlexNet a kan katunan GTX 580 guda biyu, cikin kwana biyar zuwa shida, da umarnin da aka rubuta da CUDA. Kuskurensu a gasar ImageNet ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, na biye da su yana da 26.2. Daga nan masu bincike suka yi tururuwa. Nvidia ta fitar da cuDNN a 2014, wata taska ta shiryayyun ayyuka domin irin waɗannan samfura, ƙari a kan cuBLAS ta lissafin jadawali. Littattafai da darussan jami'a da amsoshin matsaloli suka taru a gefe guda. Harshen da ke da ɗab'i da makarantu da masu karatu shi ne yaro ke tashi ya tarar, ko da wani harshen ya fi shi tsari.

Masu Neman Tsaka-tsaki

AMD ta fito da ROCm a 2016, tare da HIP, wanda aka gina shi da gangan ya yi kama da CUDA har akwai manhajar da ke juya mafi yawan rubutun wannan zuwa wancan. Khronos ta kawo SYCL, wanda ake rubutawa da C++ na zamani, Intel kuma ta ɗora tsarinta na oneAPI a kansa. Abin da ya ba waɗannan ƙarfi shi ne manyan ɗakunan binciken gwamnatin Amurka. Kwamfutar Frontier ta Oak Ridge, wadda a 2022 ta zama ta farko a jerin TOP500 da ta haye lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, da na'urorin AMD take aiki, ita kuwa Aurora ta Argonne da na Intel. Masana kimiyyar da manhajojinsu ke rayuwa shekara ashirin ko talatin ba za su iya sake rubutu duk lokacin da aka sauya ɗan kwangila ba, shi ya sa ɗakin bincike na Sandia ya samar da Kokkos, na Livermore ya samar da RAJA, domin a rubuta lissafi sau ɗaya a bar wa tsarin ya fassara shi ga kowace na'ura.

A Wane Mataki Za a Yi Rubutun?

A ganin wannan maƙala, tambayar da ta fi "CUDA ko OpenCL" amfani ga mai nazarin harshe ita ce a wane mataki zai yi rubutunsa. Mafi yawan aikin fasahar harshe a yau da Python ake yin sa, ta hanyar PyTorch da ya fito daga Facebook, ko TensorFlow da JAX na Google. Wanda ya rubuta da PyTorch bai taɓa CUDA da hannunsa ba. Tsarin ne ke kiran cuDNN a ƙarƙashin ƙasa. Rubutun nan kuma yana tashi a kan na'urorin AMD ta ROCm, sau da yawa ba tare da an sauya layi ɗaya ba, kuma tun 2022 yana aiki a kan kwamfutocin Apple ta hanyar Metal. 'Yancin da OpenCL ya yi alkawari a ƙasa, an same shi a sama, gwargwado. An ce gwargwado ne domin sababbin dabaru kusan kullum a kan Nvidia suke fara fitowa, kuma jerin katunan AMD da ROCm ke tallafa wa a hukumance gajere ne. Wajibi ne a duba jerin nan kafin a sa hannu a takardar saye.

Saboda haka tawagar da aikinta shi ne horar da samfuri ko gyara wanda aka riga aka horar, ta tsaya a matakin PyTorch, ta sayi ko ta yi hayar na'urar da ta fi sauƙin samu, wadda a halin yanzu galibi ta Nvidia ce. Sauka zuwa rubuta CUDA kai tsaye ba ya halatta sai an auna an ga takamaiman wurin da lokaci ke tafiya, kuma babu shiryayyen aiki da ya magance shi. Ko a nan ma akwai Triton, wanda OpenAI ta saki a 2021, mai ba da damar rubuta irin wannan gutsure da salon Python. Wanda kuwa burinsa manhaja ce da za ta zauna a wayoyin jama'a, kamar mai karanta rubutu da murya, CUDA ba ta cikin lissafinsa sam, domin wayoyin ba su ɗauke da na'urar Nvidia. OpenCL da Vulkan a Android, da Metal a iPhone, su ne hanyarsa.

Girman aikin ma yana da ta cewa. Samfurin AfriBERTa da aka gina a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2021 an horar da shi a kan harsunan Afirka goma sha ɗaya, har da Hausa, da rubutun da bai kai gigabait ɗaya ba. Aiki a wannan ma'auni bai bukatar irin kayan Oak Ridge. Katin T4 mai ma'adanar gigabait 16, irin wanda Google Colab ya saba bai wa masu amfani da shi kyauta, yana jan wat 70 ne kacal, alhali babban zubin A100 yana jan 400, ban da abin da sanyaya ɗaki zai ci. Ga sashen da ke dogaro da janareta ko hasken rana, wannan bambanci na iya zama shi ne mai yanke hukunci tun kafin a zo maganar tsari. Girman ma'adanar katin shi ma ya fi yawan cibiyoyinsa muhimmanci, domin samfurin da bai shiga ma'adana ba ba zai tashi ba ko kaɗan.

Akwai wani abu da ya shafi amanar bincike kai tsaye. Lissafin lambobi masu ɗigo yana ɗan sauyawa gwargwadon jerin da aka bi wajen tara su, kuma a lissafin gayya jerin nan ba koyaushe yake zama ɗaya ba. Don haka gwaji guda na iya ba da sakamako mai ɗan bambanci a kan na'urori biyu, wani lokaci ma a kan na'ura ɗaya idan aka maimaita. Mai rubuta kundin digiri ko maƙala a wannan fage ya kamata ya bayyana sunan katin da ya yi amfani da shi, da zubin CUDA ko ROCm, da zubin PyTorch, kamar yadda mai nazarin karin harshe ke bayyana garin da ya ɗauki magana da shekarar da ya ɗauka. Idan kuma bambancin da ke tsakanin samfura biyu bai wuce ɗigo kaɗan ba, sai a maimaita gwajin sau uku ko biyar a kawo matsakaicin sakamako kafin a ce ɗaya ya fi ɗaya.