Wasan Faifai: Daga Pasadena Zuwa Gaya

Akwai wani wasa da ya bazu cikin ƙasashen Turawa wanda ya kamata malaman makarantunmu na ƙasar Gaya da Ajingi su san labarinsa, watau golf na faifai. Faifan na roba ne, faɗinsa bai kai na faifan rufe ƙwarya ba. Mutum ya tsaya daga nesa ya wurga shi, ya bi shi inda ya faɗi ya sāke wurgawa, har ya shiga kwandon ƙarfe. Kwandunan tara ne ko 18, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ya ci.

Asalin filayensa a wani lambun hukuma ne da a lokacin ake kira Oak Grove, a gefen birnin Pasadena na Jihar Kalifoniya ta Amurka. A 1975 hukumar lambuna ta yarje wa wani bature, Ed Headrick, ma'aikacin kamfanin Wham-O mai yin fayafayan, ya kafa fili na dindindin a can. Da fari sanduna kawai aka kakkafa, sai gardama ta yi yawa, wannan ya ce faifansa ya taɓa, wancan ya ce bai taɓa ba. Sai Headrick ya rataya sarƙoƙi bisa kwando, don in faifai ya buge su ya faɗa ciki kowa ya gani. Ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1977, bayan ya kafa ƙungiyar PDGA a 1976, wadda har wa yau ita ke tsara dokokin wasan. Ya rasu a 2002, amma filin nan yana nan ana wasa.

Daga nan wasan ya ƙetara teku. A 1983 aka buɗe fili na farko a Helsinki, babban birnin Finland, ga shi yanzu ƙasar tana da filaye ɗaruruwa.

To, me ya raya shi? Abu biyu ne: hukuma ta ba da fili, kuma galibi ba a biyan kuɗin shiga. Ba a share itatuwa, ba a ban-ruwa ga ciyawa kamar filin golf na manya.

Mu dai a ganinmu nan ne darasin yake. Kowa ya san yadda gine-gine ke cinye filayen makarantu da na langa da kokawa, kuma filin da ba a wasa a cikinsa shi ake fara yankawa. Kwandon nan kuwa sanda ce da sarƙa, aikin maƙera. Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama tun kafin a gina birnin Kano, ashe jikokinsu ba za su gaza ba. Saura ga malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomi su keɓe wa yara fili tun yana nan. Allah ya sa a ji.