Jitar da Aka Ƙera Guda 91 Kacal, da Garayar da Ba a Rubuta Sunan Mai Ita Ba

Tsakanin 1933 da 1942, kamfanin Martin da ke garin Nazareth a jihar Pensilbaniya ta Amurka ya ƙera wata jita mai suna D-45. Guda 91 ya yi, ya dakata. A yau idan ɗaya daga cikinsu ta fito kasuwa, ɗaruruwan dubban daloli ake tayawa. Kuma katako ne zalla, babu wayar lantarki a jikinta; daga cikinta amon yake fitowa, kamar na garaya.

Mutum guda ne ya jawo ta. Gene Autry, mawaƙi kuma ɗan fim ɗin kaboyi, ya nemi a yi masa jita mai ado irin na gwaninsa Jimmie Rodgers, amma mai babban ciki. A 1933 aka yi masa, aka rubuta sunansa da ɓawon kumbar teku a kan wuyanta. Tana nan a gidan tarihin Autry da ke Los Anjalas. Sai a 1938 kamfanin ya sa ta cikin jerin kayan da yake ƙerawa a kai a kai, kuma ko a lokacin masu iya sayenta kaɗan ne, domin Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arziki ba.

Adon shi ne ke ɗaukar ido, amma makaɗa ba don shi suke haukar nemanta ba. Fuskarta an yi ta da wani farin katako marar nauyi na tsaunukan Adirondack, bayanta da gefunanta kuma da jan katakon Barazil mai nauyi da ƙamshi. A ƙarƙashin fuskar, inda ido ba ya gani, akwai sanduna biyu da aka gicciye don su riƙe ta kada ƙarfin tsirkiyar ƙarfe ya tsaga ta. Masu ƙira sukan fere waɗannan sanduna da hannu, su rage musu kauri a wasu wurare, don fuskar ta samu damar yin rawa idan an kaɗa. In an fere da yawa ta lotsa, in an bar su da kauri amo ya mutu. A 1944 kamfanin ya daina wannan ferewar, ya ɗauki shekaru bai koma mata ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsayar da D-45. Da aka dawo da ita a 1968, ba a jima ba katakon Barazil ya yi wuya, aka koma na Indiya. A 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta sa wa cinikin katakon Barazil takunkumi mafi tsanani. Ko kamfanin da kansa ba zai iya maimaita abin da ya yi kafin yaƙi a wadace ba.

Sai dai a ganina, babban abin da ya ɗaga farashinta rubutu ne. Tun 1898 Martin yake buga wa kowace jita lamba a cikinta, yana ajiye littafi. Mai saye zai leƙa ta bakin jitar, ya karanta lambar, ya san shekarar da aka yi ta. Da babu wannan littafi, babu wanda zai iya rantsewa cewa 91 ne.

A nan ne ya kamata mai karatu a Dapchi ko Gashuwa ko Nguru ya waiwayi abin da ke gabansa. In ƙaranci ne, kayan kiɗanmu sun fi D-45, don babu goge biyu da suka zama ɗaya. Ƙwaryar da aka samu ita ke yanke girmansa, a rufe ta da fatar damo ko guza, a ɗaura izgar doki. Gurmi ƙoƙo ne da sanda. Garayar mafarauta da 'yan bori sassaƙa ce, mai tsirkiya biyu. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi har rasuwarsa a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, cikinsa kuwa gwangwanin kifi da aka lulluɓe da fata. Sau da yawa makaɗin ne ke haɗa abinsa, daidai da hannunsa da muryarsa.

Amma ba a yi su don ajiya ba. Hunturu ya busar da fata ta tsage, a sake wata. Ƙwarya ta fashe, a nemi sabuwa. Babu lamba, babu shekara, kuma darajar tana bin makaɗin ne, abin kiɗan yana baya. Shi ya sa ake tuna Garba Supa ko Ibrahim Na Habu da kukumarsu, ba a tambayar wa ya haɗa musu. Aikin da David Ames da Anthony King suka buga a 1971 kan kiɗan Hausa, bayan bincike a Zariya da Katsina, ya tattara sunayen kayan da yadda ake yin su, amma nau'i ya bayyana, ba tarihin kowane guda ba. Gidan da ke da tsohuwar garayar kaka, rubuta sunan mai ita da garinsu da wanda ya sassaƙa ta ba zai ci ko sisi ba.

Maganar katako ma ba ta tsaya a Barazil ba. Madobiya, wadda 'yan kasuwar waje ke lissafawa cikin jajayen katakai masu tsada, an yi ta saranta a Taraba da wasu jihohi ana lodinta zuwa Sin don yin kujeru da gadaje. A 2017 ta shiga jerin CITES, a 2018 kuma aka dakatar da Najeriya daga cinikinta zuwa ƙetare.