Sunan Da Babu Mai Shi, Ga Albashi Yana Fita

Ya ku malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Gwarzo da Kabo, ga wata magana wadda ta shafi aljihunku ko da ba ku taɓa cin albashin gwamnati ba, watau maganar ma'aikatan bogi.

Dattawa sun san yadda ake biya a zamanin En'e. Malamin biya ya zo da akwatin kuɗi daga Baitulmali, a kira suna, mutum ya fito a gan shi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sa'an nan ya karɓa. Da ma'aikata suka yi yawa, biya ya koma banki, sai ido ya daina ganin mai karɓa. Nan ɓaraka ta samu. Wani ya rasu ba a soke sunansa ba, wani ya bar aiki albashi na binsa, wani ma ba a taɓa haihuwarsa ba, alƙalami ne ya haife shi a ofis.

A 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma tsarin IPPIS, watau a tara sunayen ma'aikata cikin kwamfuta guda, kowa da hotonsa da zanen yatsunsa, kuɗi ya tafi asusunsa kai tsaye. A 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN, wadda ke ɗaure dukan asusun mutum ga yatsunsa, har mai karɓar albashi goma da suna goma ya rasa wurin ɓuya, domin suna goma ba ya sāke yatsa. Da aka gwada sunaye da wannan lamba, a Fabrairun 2016 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ba da sanarwar an soke 23,846, waɗanda ke cin fiye da Naira biliyan 2 kowane wata. A shekarar nan kuma Gwamnatin Kano ta ce ta gano 7,629 a nata littafin.

To, amma fa kada a zaci an gama. A 2025 aka sake samun mutum 247 a Kano, waɗansu sun yi ritaya, waɗansu sun rasu, albashinsu wajen Naira miliyan 28 yana fita. Dalili kuwa a fili yake. Kwamfuta ba ta zuwa jana'iza. Abin da aka shigar mata shi ta sani, in mai shigarwa ya yi shiru, ita ma shiru. Wanda ya san an yi rasuwa a Getso ko Garo shi ne liman da ya yi salla, da mai unguwa, da mai kanti da mamacin ya bari da bashi. A ganina labarin rasuwar ma'aikaci ya kamata ya bi ta hannun dagaci da hakimi zuwa sakatariya cikin watan nan, a kuma gaggauta biyan magada haƙƙinsu, gama sau da yawa jinkirin haƙƙin nan ne ke sa iyali su ƙi faɗa, suna ci gaba da cirar albashi da katin marigayi. Yunwar marayu gaskiya ce, amma kuɗin ba gādo ba ne.

Akwai kuma wanda tantancewa ke cuta yana raye. Malamin firamare wanda harafi guda ya saɓa tsakanin takardarsa da ta banki, Muhammadu a nan, Mamman a can, sai a tsai da albashinsa, ya yi ta hawa mota zuwa Kano da kuɗin aro. 'Yan kasuwa sun san shi sarai, gama sunansa na nan a littafin bashinsu, yana jiran ƙarshen wata.