Idan Yaro Ya Ji Raunuka Da Yawa, Kada Karaya Ta Ɗauke Miki Hankali

'Yar uwa, da zarar mangwaro ya nuna sai ki ga yara a saman bishiya. Ranar kasuwa kuma babura na kai da kawo tsakanin Rano da Kibiya, ɗauke da uwa da goyo da yaro a gaba. A garuruwa irin su Zurgu, faɗowa ɗaya kan bar yaro da karayar hannu, targaɗen ƙafa da rauni a ka lokaci guda.

Idonki zai tafi kan hannun da ya lanƙwashe, maƙwabta kuma su ce a kira mai ɗori. A aikinmu na jinya ba ta ƙashi muke farawa ba. Numfashi muke fara dubawa, sai jini, sai ƙwaƙwalwa. Haƙarƙarin yaro yana da taushi, yana iya lotsawa ya koma daidai ba tare da ya karye ba, alhali huhu ko saifa ko hanta sun ji ciwo. Jikin yaro kuma yakan ɓoye zubar jinin ciki na ɗan lokaci, sai daga baya ya sulale.

Don haka ki lura. Idan yana amai, ko barci na fizgarsa, ko cikinsa ya yi tauri, ko tafin hannunsa ya yi fari da sanyi, a nufi babban asibitin Rano nan take. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi, wani ya riƙe kansa kada wuya ya juya. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Kada a ja ƙashin, kada a zuba toka ko ƙasa a rauni, kada a ba shi ruwa ko koko, domin ƙila a yi masa tiyata.

Idan an tura ku Kano, ku tafi. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, aikinsa ke nan. Akwai kuma Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ba raina masu ɗori nake yi ba, amma hannu ba ya ganin abin da hoton ƙashi ke gani. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga bakin gaɓa. Idan karaya ta ratsa wurin aka ɗora ba daidai ba, ƙafa ɗaya na iya fin ɗaya tsawo. Karayar gwiwar hannu kuwa tana iya danne jijiyar jini. In aka ƙara ɗaure ta tamau da karare, tsoka kan fara mutuwa cikin kamar awa 6, wani lokaci sai an yanke hannun.

Ko a asibiti aka sa masa filasta, aikinki bai ƙare ba. Ki riƙa duba yatsunsa. Idan sun kumbura, sun yi sanyi, sun kasa motsi, ko kuka ya ƙi tsayawa bayan an ba shi magani, ku koma ko da tsakar dare ne.

Ƙashin yaro ya fi na babba saurin haɗuwa, in dai an kai shi da wuri. Ki zauna da maigida yau ku yanke shawarar inda za ku nufa da wanda zai kai ku, tun ranar ba ta zo ba. Allah Ya tsare mana zuri'a.