Yadda intanet ke aiki: Daga Zauro zuwa ƙarƙashin teku

A ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2024, wasu manyan wayoyin sadarwa guda huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika sun lalace a kusa da gaɓar birnin Abidjan na ƙasar Kwaddibuwa.

Kafin rana ta faɗi, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, kuma a Najeriya abokan hulɗar wasu bankuna sun kasa aika kuɗi ta wayoyinsu.

Tsakanin Abidjan da garin Zauro, wanda ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, akwai nisan fiye da kilomita 1,000. Amma irin wannan matsala tana iya tsayar da cinikin mai POS a Zauro, ta kuma hana manomi ganin kuɗin shinkafar da ya sayar.

Dalili kuwa shi ne, intanet ba a cikin iska take ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Akasarin tafiyarta a cikin waya take yi, kuma waya tana tsinkewa.

Mece ce intanet?

Intanet dai haɗakar kwamfutoci ce masu ɗimbin yawa a faɗin duniya, waɗanda suka amince su riƙa magana da juna bisa ƙa'ida ɗaya. Wayar salula ta zamani ma kwamfuta ce, sai dai ƙarama.

Asalinta wani shiri ne na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna ARPANET. A watan Oktoba na 1969 ne aka aika saƙon farko daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa wata cibiyar bincike a Stanford, kuma haruffa biyu kacal suka isa kafin na'urar ta tsaya.

Daga baya wasu masana biyu, Vint Cerf da Bob Kahn, suka tsara ƙa'idar da ake kira TCP/IP, wadda aka koma amfani da ita a ranar 1 ga watan Janairun 1983. Har yanzu a kanta ake tafiya.

Tafiyar saƙo

A ɗauka wani matashi a Zauro yana son kallon bidiyon bikin kamun kifi na Argungu a wayarsa. Garuruwan biyu ba su kai tafiyar awa guda a mota ba, amma buƙatar tasa ba Argungu za ta nufa ba.

Da farko wayarsa za ta aika saƙon zuwa turken sadarwa mafi kusa. Wannan ɗan taƙin ne yake yi a cikin iska.

Daga turken, saƙon zai bi ta wasu turaku har ya shiga wayar da aka binne a gefen titi. A cikin irin wannan waya akwai zaren gilashi mai sirantakar gashin kai, kuma haske ne yake ɗaukar saƙon a cikinsa, da gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya.

Haka zai yi ta tafiya har ya isa babbar kwamfutar da aka ajiye bidiyon a cikinta, wadda wasu marubuta ke kira uwar garke. Tana iya kasancewa a Legas, ko a Turai, ko a Amurka.

Idan a ƙetare take, to sai saƙon ya bi ta ƙarƙashin teku. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tafiya tsakanin nahiyoyi ta nan suke bi, ba ta tauraron ɗan'adam ba.

Buhu-buhu

Bidiyon ba a dunƙule yake dawowa ba. Ana yanyanka shi ƙanana-ƙanana, a rubuta wa kowane yanki adireshin inda ya fito, da inda za shi, da lambarsa a jeri.

Lamarin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya sayi buhun shinkafa ɗari a Zauro zai kai Kano, ya rarraba su a motoci daban-daban, kowane buhu da sunansa da lambarsa.

Wata motar za ta bi ta Sakkwato, wata ta bi ta wata hanyar, kuma ba lallai su isa a jere ba. Mai karɓa a Kano zai ƙirga, ya jera su bisa lamba, idan ya ga babu na 47 sai ya aika a sake turo shi.

A kowace mararraba akwai na'urar da ke duba adireshi ta zaɓa wa saƙon hanya, kamar yadda ɗan kamasho ke nuna wa fasinja motar da zai shiga. Idan wata hanya ta toshe, sai ta karkatar da shi zuwa wata.

Shi ya sa intanet ba ta ɗauke gaba ɗaya ba a watan Maris na 2024. Kamfanoni sun karkata zuwa wayoyin da suka tsira, sai dai cunkoso ya sa komai ya riƙa jan ƙafa, kuma an shafe makonni kafin a kammala gyara.

Adireshi

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi, wato IP. Tsohon tsarin yana ɗaukar adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai, abin da ya sa aka ɓullo da sabo mai lambobi masu tsawo.

Da yake mutane ba za su iya haddace lambobin ba, sai aka samar da tsarin DNS, wanda ke aiki kamar jerin sunayen da ke cikin wayar salula: mutum ya taɓa suna, waya ta nemo lamba.

Idan ɗalibi a Birnin Kebbi ya rubuta jamb.gov.ng, tsarin ne ke mayar da sunan zuwa lambar kwamfutar hukumar JAMB. Haruffan ng na nufin Najeriya, gov kuma alama ce ta hukumomin gwamnati.

Intanet da yanar gizo

Hausawa kan yi amfani da waɗannan sunaye biyu da ma'ana ɗaya, amma a wajen masana akwai bambanci. Intanet ita ce titin, yanar gizo kuwa kasuwa ce guda daga cikin wuraren da titin ke kaiwa.

Wani masani ɗan Birtaniya, Tim Berners-Lee, shi ne ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Geneva. A 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa.

Hikimarsa ita ce shafuka masu adireshi, waɗanda ake iya tsallakawa daga ɗaya zuwa wani ta hanyar latsa kalma. Manhajoji irin su Chrome da Opera Mini aikinsu shi ne su nemo shafin, su shimfiɗa shi a fuskar waya.

Saƙon imel da kiran WhatsApp da cinikin POS duka suna bin titin intanet, ba tare da mutum ya buɗe wani shafi ba.

Yadda ta iso Najeriya

Kafin kamfanonin wayar salula su fara aiki a 2001, 'yan ƙalilan ne ke samun intanet a Najeriya, kuma shekaru bayan haka akasarin jama'a a shagunan intanet na birane suke biyan kuɗin awa.

Wayar teku ta SAT-3 ta fara aiki a 2002. MainOne da Glo-1 suka biyo baya a 2010, WACS a 2012, sannan Equiano ta kamfanin Google ta iso a 2022.

Duka waɗannan a Legas suka sauka, don haka sai an ja waya ta ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa kafin amfaninsu ya kai jihar Kebbi. A 2023 ne kamfanin Starlink ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan'adam a Najeriya, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka.

Inda ake samun cikas

Ba sai a teku kaɗai ake samun matsala ba. Kamfanonin sadarwa sun daɗe suna kokawa kan yadda masu aikin titi ke tsinka wayoyinsu, da satar batura da man dizil a turaku, waɗanda da yawansu da janareta suke aiki.

Gwamnati ma tana iya rufe hanyar. A watan Satumban 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbi, saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma matakin ya shafi wasu sassan Sakkwato da Katsina da Kaduna.

Sai kuma batun 'yan damfara. Tun da kowa na iya buɗe shafi ya ƙawata shi da tambarin banki ko na gwamnati, adireshi ne abin dubawa, harafi bayan harafi, ba kyan shafin ba.

Haruffan https a farkon adireshi na nufin an kulle saƙon yadda na kan hanya ba zai iya karanta shi ba. Amma ba shaida ba ce cewa mai shafin mutumin kirki ne.

Saboda haka, duk ranar da mai POS a Zauro ya ce wa abokin cinikinsa babu sabis, matsalar tana iya kasancewa a turken da ke bayan gari, ko a gefen wani titi da ake gyarawa, ko kuma a can ƙarƙashin tekun da dukansu biyu ba su taɓa gani ba.