Kiwon Zomo: Nama a Gida Ko Kaji Sun Mutu

A nan Dawce, in baƙo ya sauka ko mace ta haihu, kaza muke yankawa. Amma lokacin ɗari, annobar kaji takan share akurki. A shekarar 2006 kuma, murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, cikin jiharmu ta Damagaram. To, wane nama zai maye gurbin kaza?

Bauna ta yi mana nisa. Tana gandun dajin W, inda aka hana farauta. Zomo kuwa yana hannunmu, kuma annobar kaji ba ta kama shi.

Zomanya tana ɗaukar ciki kwana 31, ta haifi ƴaƴa 6 zuwa 8. Cikin wata 4 sun isa yanka. Abincinsu harawa, ganyen gyaɗa, dusa da ruwa mai tsabta. Naman zomo fari ne kamar na kaza, ba shi da kitse da yawa. Yana gina jikin yara da masu jego.

Mu gina wa zomaye ɗaki a inuwa, domin zafi yana kashe su. Mu tsare su daga kyanwa da kare. Kajinmu kuma, mu kira malamin dabbobi ya yi musu rigakafi kafin ɗari ya shigo.