Kare a cikin ɗakin da mota ke ja

A ƙasashen Amurka da Turai, mutane da yawa in za su tahiya hutu, da ɗakinsu suke tahiya. Ɗaki ne mai taya, kamar babban akwati. Ana ƙulla shi bayan mota, mota ta ja shi kamar yadda jaki ke jan amalanke. Cikinsa akwai gado, da wurin dahuwa, da makewayi, da tankin ruwa. Faransawa na ce masa karaban. Mu a nan bari mu ce masa ɗakin ja. A Amurka, jihar Indiyana ce ta hi kowace ƙera irin ɗakunan ga.

Mutanen can suna son karnukansu ƙwarai. Ba su yarda su bar kare gida su tahi. Amma mota ta cika da yara da kaya. Sai maigida ya ce: "To, ga ɗaki a baya, ba kowa ciki, ga gado, ga inuwa. Mi zai hana kare ya zauna can?" Ga ido, shawara ce mai kyau. Amma likitocin dabbobi suna hana ta. Mu duba dalilansu ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na farko: girgiza

Motar mutane an yi ta don a zauna ciki tana gudu. Tana da ƙarahunan da ke shanye girgiza, tana da kujeru masu igiyar ɗaure jiki. Ɗakin ja kuwa an yi shi don a kwana ciki in an tsaya. Da yawa cikinsu ba su da abin shanye girgiza. Duk ramin da taya ta faɗa, mai ciki sai ya ji shi har ƙashi. Kwanuka na zubowa, ƙohohin kabad na buɗewa.

Akwai kuma lilo. In iska ta buso daga gehe, ko babbar mota ta wuce da gudu, ɗakin ja sai ya riƙa kaɗa wutsiya, dama da hagu. In kaya sun yi nauyi wajen baya, lilon na ƙaruwa, har ɗakin ya kihe. Kare ba ya da hannun da zai riƙe wani abu. Inda ɗaki ya jehe shi, nan zai faɗa.

Ga wani lissahi mai sauƙi. In mota na gudun kilomita 50 a awa ta daki wani abu, abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tahiya da wannan gudun. Bugun da zai sha daidai yake da faɗowa daga bisa mai tsawon mita 10. In gudun ya kai kilomita 100, bugun ya ninka sau huɗu, kamar faɗowa daga mita 40. Bangon ɗakin ja kuwa siriri ne, galibi katako ne da falange marar kauri. In anka yi hatsari, tarwatsewa yake yi.

Dalili na biyu: zahi

Wanga dalili yana saurin kashewa. Mutum in ya ji zahi sai ya yi zuhwa, jiki ya huce. Kare ba ya zuhwa kamar mu, sai ɗan kaɗan a tahin ƙahwa. Shi da haki yake sanyaya jikinsa. Shi ya sa kuke ganin ya hiddo harshe yana huci. In iskar da yake shaƙa ita ma da zahi, hakin ba ya yi masa amfani.

Zahin jikin kare mai lahiya digiri 38 ne zuwa 39. In ya wuce 41, ransa na cikin hatsari. Ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta na iya lalacewa. Tsohon kare, da mai ƙiba, da mai gajeren hanci, su ne zahi ya hi saurin kayarwa.

A wani binciken da anka wallafa a shekarar 2005, wasu masana a jihar Kaliforniya sun auna zahin motar da anka aje cikin rana. Cikin awa guda, zahin ciki ya hi na waje da wajen digiri 22. Mahi yawan hawan cikin rabin awa na farko ya faru. Sun ɗan buɗe gilashi, abin bai sake sosai ba. Ke nan in waje digiri 30 ne, ciki na iya wuce 50. Ɗakin ja bai kai mota yawan gilashi ba, amma shi ma akwati ne ruhe, rana na dukan ruhinsa, kwalta na turo zahi daga ƙasa.

Wani zai ce ai ɗakin na da na'urar sanyaya iska. Gaskiya ne. Amma na'urar da wutar lantarki mai ƙarhi take aiki. Sai an iso masauki an haɗa waya, ko an tada injin wuta. A bisa hanya galibi a kashe take. Ko an tada inji, yana iya mutuwa direba bai sani ba.

Dalili na uku: hayaƙi

Bututun hayaƙin mota a baya yake, ɗakin ja kuma a baya yake. In an buɗe taga don kare ya sha iska, hayaƙi na iya shiga. Cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, masana na ce mata monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini na kama ta hiye da yadda yake kama iska mai kyau, sau sama da 200. Dabba sai ta yi laushi, ta kwanta kamar mai barci, daga nan ba tashi. Ban da wannan, ɗakin na ɗauke da tukunyar gas ta dahuwa. Girgiza na iya kwance mahaɗinta, gas ya cika ɗaki.

Dalili na huɗu: ba mai gani, ba mai ji

In kare na cikin mota tare da mutane, da ya soma wahala za a gani. A tsaya, a ba shi ruwa. Amma a ɗakin ja shi kaɗai ne. Ƙarar inji da ta taya ta ruhe kukansa. Maigida na tuƙi hankali kwance, awa biyu, awa uku. Sai an tsaya an buɗe ƙohwa a ga abin da ya faru. Wani karen kuma tsoro ke sa shi fasa taga ya diro bisa hanya.

Mi doka ta ce?

A Faransa da Ingila, doka ta hana mutum zama cikin karaban lokacin da ake jansa. A Amurka kowace jiha da tata doka, wasu sun hana, wasu sun yarda da sharaɗi. A Ingila, ƙa'ida ta 57 ta littahin dokokin hanya ta ce dabbar da ke cikin mota a tsare ta wuri guda, don kada ta raba hankalin direba, kada kuma ta ji ciwo in anka taka birki. Mu yi tunani: wurin da hukuma ta ga bai dace da mutum ba, ƙaƙa zai dace da kare?

Ana ɗaukar dawaki a abin ja, ana ɗaukar karnukan farauta ma. Amma waɗannan don dabba anka ƙera su. Suna da kahohin shan iska, da shamaki mai ƙarhi, da daɓen da ba ya santsi.

Yadda ya kamata a yi

Kare ya shiga motar da mutane ke ciki. A sa shi cikin keji mai ƙarhi wanda anka ɗaure, ko a ɗaura masa ɗamarar ƙirji da ke haɗe da igiyar kujera. Kada a ɗaure shi ta wuya. Kujerar baya ta hi ta gaba. A tsaya duk bayan awa biyu, ya sha ruwa, ya taka ƙasa. In mota ba wuri, kaya ya kamata su koma ɗakin ja, kare ya samu wurinsu.

In kun ga kare na haki ba tsayawa, miyau na zuba, yana tangaɗi ko amai, to zahi ya kama shi. A kai shi inuwa nan da nan. A zuba masa ruwan sanyi a jiki, a yi masa hihita. Kada a luluɓe shi da tsumma. In yana iya sha, a ba shi kaɗan kaɗan, ban da ɗure. Sa'an nan a kai shi wurin likitan dabbobi, ko da ya ji sauƙi.

Mu a nan ɗakin ja ba shi da yawa. Amma in Layya ta gabato, muna ganin raguna cunkushe a bayan kamyo cikin rana. Zahi da hayaƙi da girgiza duk ɗaya ne, can da nan. Malamai na ba mu labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Dabba ba ta da bakin faɗin abin da ke damunta. Wanda ya ɗauke ta, shi ke da alhakinta har a sauka.

Tambayoyi

1. Mi ne ne ɗakin ja?
2. Ƙaƙa kare ke sanyaya jikinsa?
3. Don mi monoksid ke da wuyar ganewa?
4. Mi za ku yi ma dabbar da zahi ya kama?